Iska Ta Allah Ce, To Ƙusa Fa?



Daren da iskar nan ta farkon damina ta taso, ina jin babu wanda ya runtsa a unguwar nan. Tun bayan La'asar gari ya ɗau wani irin zafi, ko ganye ba ya motsi. Ana idar da Isha'i hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, aka ɗauke wuta, sai ƙura, sai ƙarar kwano ta ko'ina kamar ana yaƙi. Abin bai fi minti 20 ba. Da gari ya waye muka ga ɗakuna a buɗe suna kallon sama, katifu sun sha ruwa, kwanon wani a tsakar gidan wani.

Kun san nakan ja sallah idan babban Liman ba ya nan, kuma ranar ba ya nan. Bayan Asuba mutum biyu suka tsaya ni a ƙofar masallaci. Ɗaya mai gida ne, iska ta kwashe rufin ɗakunansa biyu. Ɗayan maƙwabcinsa ne, mai tuƙa keke Napep. Falle ɗaya daga cikin kwanon ya faɗa gidansa, ya yanki yaronsa a ƙafa lokacin da ya fito zai shigar da akuya, har sai da aka yi ɗinki. Uban yaron yana neman kuɗin magani. Mai gidan ya ce, "Allah gafarta Malam, ni na aiko iskar? Ni ma fa asara na yi. Ƙaddara ce ta faɗa mana duka." Uban yaron ya ce, "Malam, tun bara nake ce masa kwanon nan yana kaɗawa. Da dutse da tsohuwar taya ya danne shi."

Na ce su ba ni kwana biyu. Abin da ban gaya musu a lokacin ba shi ne, wannan kwanon a shagona aka saye shi a Dei-Dei, shekaru kaɗan da suka wuce. Saboda haka tambayar ba ta su biyu kaɗai ba ce, har da ni. Ga ta: idan iska ta yi ɓarna, ina ƙaddara ta tsaya, ina kuma laifin mutum ya fara?

A cikin kwanakin nan na ji maganganu iri biyu a majalisa da kasuwa. Wasu sun ce azaba ce, zunubi ya yi yawa a gari. Wasu sun ce ƙaddara ce kawai, kowa ya yi haƙuri, kada a tuhumi kowa. Duka biyun suna da daɗin faɗa, domin duk wanda ya faɗe su ya huta, babu sauran abin da ya rage masa ya yi. Na zauna na auna su ɗaya bayan ɗaya.

Masu cewa azaba ce ba su rasa madogara ba. Duk wanda ya yi Islamiyya ya san labarin Adawa, mutanen Annabi Hudu (AS), waɗanda aka halaka da iska dare 7 da yini 8. Kuma Nana A'isha (RA) ta ba da labarin cewa idan Manzon Allah (SAW) ya ga hadari ko iska, akan ga damuwa a fuskarsa har sai ruwa ya sauka. Saboda haka tsoron Allah lokacin iska sunna ce, ba ƙauyanci ba. Amma a lura, shi kansa yake ji wa tsoro da al'ummarsa, bai tsaya yana nuna gidan wane ba. Mun san iskar Adawa azaba ce saboda wahayi ya gaya mana. Wa aka yi wa wahayi a kan maƙwabcinka? Na zaga unguwar nan da safiyar ranar, na ga rufin makarantar allo a ƙasa, na ga ɗakin wata bazawara mai marayu huɗu a buɗe, na kuma ga gidajen da kowa ya san abin da ake yi a cikinsu ko falle ɗaya bai ɗaga ba. Idan ma'aunin zunubi ne, ai lissafin bai fita ba. Ban da haka, hadisi ya ƙidaya wanda gini ya rufta wa da wanda ruwa ya ci a cikin shahidai. Ta yaya za mu kira su waɗanda aka yi wa azaba?

Abin da na ga ya raba gidan da ya tsira da wanda bai tsira ba, abu ne da kowane kafinta ya sani: kaurin kwano, yawan ƙusa, ingancin katako, da ko an ɗaure katakon da jikin gini ko ɗora shi kawai aka yi.

Don mu gane wannan sosai, bari mu leƙa wuraren da iska ta fi tamu nesa ba kusa ba, wato garuruwan bakin teku. Tamu iskar hadari ce, tana tasowa daga gabas a farkon damina da ƙarshenta, ta yi abin da za ta yi cikin ɗan lokaci ta wuce. Tasu a kan teku ake haihuwarta, idan ruwan ya ɗumama ya kai wajen digiri 26 zuwa sama. Tana juyawa kamar dutsen niƙa, faɗinta kan kai ɗaruruwan kilomita, ta yi kwanaki tana tafiya, kuma idan ta iso gaɓa tana turo ruwan teku gabanta ya hau kan gari. Galibi wannan ruwan ne ya fi kisa, ba iskar kanta ba.

Ku ɗauki Bangaladash, ƙasar da mafi yawan mutanenta Musulmi ne kamar mu, ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya a bakin teku. A watan Nuwamba na 1970, tun tana Gabashin Pakistan, guguwa ta kashe aƙalla mutum 300,000. A watan Afrilu na 1991 wata ta sake zuwa ta kashe kusan 138,000. Mutanen nan ba su ce tunda ƙaddara ce a naɗe hannu ba. Sun gina manyan ɗakunan fakewa na siminti a kan ginshiƙai, waɗanda a ranakun lafiya makarantu ne. Sun horar da dubban 'yan sa-kai masu yawo ƙauye-ƙauye da lasifika da tutoci, har lasifikar masallaci ake amfani da ita wajen shelar gargaɗi. A watan Nuwamba na 2007 guguwar da aka sa wa suna Sidr ta zo da ƙarfin gaske, ta kashe mutum sama da 3,000. Asara ce babba, amma ku gwada ta da ta 1970. A 2020 kuwa, kafin guguwar Amphan ta iso, an kwashe mutum fiye da miliyan 2 zuwa mafaka, waɗanda suka rasu a ƙasar ba su kai 100 ba.

Wata shida bayan Sidr, a watan Mayu na 2008, guguwar Nargis ta taso daga wannan tekun dai, ta faɗa wa maƙwabciyarsu Myanmar, wato Bama. Can babu irin wancan shiri, gwamnatin soja kuma ta yi jan ƙafa wajen barin agajin waje ya shiga. Waɗanda suka mutu da waɗanda suka ɓace sun kai wajen 138,000. Teku ɗaya, iska iri ɗaya, Ubangiji ɗaya. Me ya bambanta su?

Kada wani ya ce wannan ciwon talakawan ƙasashe ne kawai. A watan Agusta na 2005 guguwar Katrina ta faɗa wa birnin New Orleans na Amurka. Ganuwar da aka gina don tare ruwa ta fashe a wurare da dama, kusan kashi 80 cikin 100 na birnin ya nutse, mutum sama da 1,300 suka mutu. An yi shelar kowa ya fita, masu mota suka fita, da yawa daga cikin waɗanda suka rage tsofaffi ne da marasa abin hawa. A nahiyarmu, a watan Maris na 2019, guguwar Idai ta ragargaza birnin Beira na Mozambik, ta kashe sama da mutum 1,000 a Mozambik da Zimbabuwe da Malawi. Sai kuma Darna ta Libiya, inda 'yan uwanmu da yawa suke zuwa ci-rani a ƙasar. A watan Satumba na 2023 guguwar Daniel ta kawo ruwa kamar da bakin ƙwarya, madatsun ruwa biyu da ke saman garin suka ɓalle cikin dare, dubban mutane suka tafi. Madatsun nan tun shekarun 1970 aka gina su, an daɗe ba a gyara ba, kuma masana sun yi gargaɗi tun kafin abin ya faru. Ruwan daga Allah yake, babu mai musu. Amma tsagar da ke jikin madatsar, wa ya gan ta ya yi shiru?

A nan gida ma ba mu manta da Bauchi ba. A watan Yuni na 2018, washegarin ƙaramar Sallah, iska ta kwashe rufin gidaje masu yawa, aka rasa rayuka, har Shugaba Muhammadu Buhari ya je jaje. Duk shekara kuma sai mun ji irin haka daga Katsina ko Jigawa ko Kabbi. Kusan kullum labarin ɗaya ne, gidan talaka da ajin makarantar gwamnati su ne kan gaba wajen tashi.

To mu dawo kan masu cewa ƙaddara ce, a yi shiru. Imani da ƙaddara rukuni ne na imaninmu, ba ni da ja. Yaron nan da kwano ya yanka, an rubuta zai yanku tun kafin a haife shi. Amma malamanmu sun koya mana cewa ƙaddara abin rarrashin zuciya ce bayan abu ya faru, ba hujjar kare kai ba ce ga wanda ya yi sakaci. Da hujja ce, da ɓarawo ma ya ce an rubuta zai yi sata, alƙali ya sallame shi. Kowa ya san labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, aka umarce shi ya ɗaure ta tukuna sannan ya dogara. Kuma da Sayyidina Umar (RA) ya nufi Sham ya ji annoba ta ɓarke, sai ya juya da jama'arsa. Da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna musu cewa komawar ma ƙaddarar Allah ce. Hausawa suka taƙaita duka suka ce, Allah ya ce tashi in taimake ka.

Da na koma littattafan da muka karanta a zaure, na tarar malaman Malikiyya sun riga sun yi maganar irin wannan a babin bangon da ya karkata. Idan bangon mutum ya karkata zuwa hanya ko gidan maƙwabci, aka yi masa magana, ya samu lokacin gyara bai gyara ba, sannan ya faɗi ya yi ɓarna, to shi zai biya. Idan kuwa bangon lafiyayye ne, abu ya zo ya kayar da shi ba zato, babu komai a kansa. Dubi adalcin da ke nan. Ba a ce ya biya don shi ya kawo iska ba. An ce ya biya don ya sani, an gaya masa, yana da iko, ya ƙyale. Wannan ita ce iyakar da nake nema. Ƙarfin iska da lokacinta da hanyar da za ta bi, ba a tambayar kowa a kansu. Abin da ka sani kuma kake iya gyarawa, shi za a tambaye ka.

Sai dai akwai maganar da mai gidan ya gaya mini da muka keɓe, kuma ta tsaya mini a rai. Ya ce, "Malam, ka san zaman da muke yi a garin nan. Filin nan takardar mai unguwa ce kawai a hannuna. Gobe ana iya zuwa a shafa jan fenti, jibi a kawo katafila. In zuba kuɗina a rufin da ban san ko zai kai baɗi ba?" Wallahi wannan ba ƙarya ba ce. Duk wanda ya zauna Abuja tsakanin 2003 da 2007, zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake minista, ya ga rusau da idonsa, kuma har yau ba a daina ba. Shi ya sa da yawanmu muke gini kamar masu jiran mota a tasha. Mutum ya shekara 25 a nan, ya haifi 'ya'ya ya aurar, amma gidansa na kirki yana can Kano ko Zariya ko Sakkwato a kulle, nan kuwa "zaman wucin gadi" ne. Saboda haka wani kaso na alhakin yana wuyan hukumomin da suka bar dubban mutane cikin rashin tabbas. Wanda bai san makomar gidansa ba, da wuya ya ƙawata shi.

Amma na ce masa, Alhaji, ba benen siminti aka ce ka gina ba. Kuɗin ƙusa kilo biyu da wayar ɗaure katako bai kai kuɗin ɗinkin ƙafar yaron nan ba. Katafila tana iya zuwa, tana iya ƙin zuwa. Iska kuwa ba ta taɓa saɓa alkawari ba, duk shekara sai ta zo. Kuma rufinka ba naka kaɗai ba ne. A unguwa irin tamu da gida yake manne da gida, kwanon da ka ƙi kafewa wuƙa ce ka rataye a kan 'ya'yan maƙwabcinka. Haƙƙin maƙwabci ba ya jiran sai an ba ka takardar mallaka.

Yanzu bari in zo kan kaina, don kada in zama mai wa'azi da wuyan wani. Mu 'yan kasuwar kayan gini mun san kwano hawa-hawa ne. Akwai mai kauri, akwai wanda idan ka riƙe shi da hannu ɗaya sai ya lanƙwashe kamar takarda. Mai saye yakan zo ya ce a ba shi mai sauƙi, mu miƙa masa, ba mu ce komai ba. Ba mu yi ƙarya ba, amma ba mu gaya masa cewa wannan, idan ba a ƙara masa katako da ƙusa ba, kan ƙusar zai yage shi ya fita. Haka na yi wa mai gidan nan. Na kuma san kafintoci da ake ba su kuɗin ƙusa kilo biyar su sayi uku, a gabana, in kawar da kai don kada in rasa ciniki. An ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya tura hannu cikin tarin hatsin wani mai sayarwa ya ji danshi a ƙasa, ya tsawata masa don bai bayyana aibin a fili ba. Shirun da nake yi, ƙanin wannan ne.

Na biyu ya fi wannan kunya. Washegarin iskar, kafin Azahar, layinmu gaba ɗaya ya ƙara kuɗin bandir. Ni ma na ƙara. Kamfani bai ƙara mana ko kwabo ba, kayan tun kafin azumi suke a shago. Abin da ya ƙaru kawai shi ne mutane suna kwana a ɗaki babu rufi, ga hadari a sama. Na ce wa kaina ai kasuwa ce, haka take, yau riba gobe faɗuwa. Da dare uwargida ta ji ina lissafi, ta ce, "Malam, wato iskar da ta zame wa mutane musiba, kai ta zame maka Sallah ke nan?" Ban ba ta amsa ba, domin ba ni da ita. Wataƙila wani malamin ya ce cinikin ya halatta tunda ban ɓoye kaya ba, kuma ban tilasta kowa ba. Amma mutumin da ruwa ke shirin sauka a kan 'ya'yansa, ba sai ka tilasta shi ba. Na mayar da farashi, na nemi waɗanda na iya tunawa na mayar musu da abin da na ɗora. Waɗanda ban gane ba, ina roƙon su yafe, kuma shagona sananne ne.

Ga yadda muka rabu da mutanen nan biyu. Mai gida ya yarda an yi masa magana tun bara, saboda haka ya ɗauki kuɗin asibiti. Uban yaron ya yafe kwanakin da ya yi bai fita aiki ba, tunda shi ma mai gidan yana cikin asara. Ni kuma na ɗauki ƙusa da waya na sabon rufin. Babu wanda ya fita yana murna sosai, amma sun gaisa, yaron kuma ya fara takawa, alhamdu lillahi.

Kafin in rufe, ga abin da nake roƙon mu yi tun kafin iskar ƙarshen damina. Kowane mai gida ya sa a hau a duba rufinsa. Iska daga gefe da kusurwa take fara ɗaga kwano, saboda haka can ake ƙara ƙusa, kuma a ɗaure katako da jikin bulo da waya ko rodi. Dutse da taya ba ɗauri ba ne, idan suka taso su ma makami ne. Idan hadari ya haɗo a rufe ƙofa da taga, domin iskar da ta shiga ɗaki ita ke tura rufi daga ƙasa. A shigar da yara, kada a fake ƙarƙashin bishiya ko allon talla ko kusa da turken wuta. 'Yan haya su yi wa masu gida magana a gaban shaidu, cikin mutunci. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet tana nan Abuja, duk farkon shekara tana fitar da hasashen damina, kuma tana yin gargaɗi idan ana sa ran iska. Matasanmu masu waya su riƙa bibiya suna sanar da mu, mu kuma lasifikar masallaci ba za ta ƙi ɗaukar wannan shela ba. Mu daina sare kowace bishiya don a samu wurin ƙara shago, darbejiya da mangwaro suna rage wa iska ƙarfi, sai dai a riƙa sassabe rassan da suka hau kan rufi. Sannan ina ba kwamitin masallaci da Sarkin Hausawa shawarar a buɗe ɗan asusu, ko naira 200 ce a wata daga kowane gida, don rufin marayu da tsofaffi. Kafin NEMA ko hukumar agajin gaggawa ta Abuja su iso da nasu, maƙwabci ne yake kusa.

An hana mu zagin iska, domin ita baiwar Allah ce mai bin umarni, ita ce kuma take koro mana hadarin da muke roƙo. Idan ta taso mu roƙi alherinta, mu nemi tsari daga sharrinta. Amma mu yi addu'ar a ƙarƙashin rufin da muka kafe da kyau, wanda ba zai tashi ya faɗa kan ɗan wani ba.

Allah Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri, Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya ba mu damina mai albarka, Ya yafe mana sakacinmu. Wassalamu alaikum.